Karkataccen Daɓen Mai Faci

Shekara talatin da ɗaya Mai Faci ya yi yana gyaran keke a tsugune. Idan aka kawo masa keke sai ya kifa shi, sirdi a ƙasa, tayoyi a sama, ya tsuguna a gabansa. A haka yake wanke sarƙa, a haka yake ɗaure birki, a haka ya ciyar da 'ya'ya biyar har suka kama gabansu. Gwiwar mutum kuwa nama ce da ƙashi. Ta dama ta fara ƙara, ya yi biris da ita. Ta kumbura, ya naɗe ta da tsohuwar robar taya ya ci gaba da aiki. Ranar da ya tsuguna ya kasa tashi, maƙwabta ne suka cicciɓe shi zuwa asibiti, aka yi masa aiki.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har shi uban. Ita ta zauna a gefen gadonsa ranar da za a sallame shi.

"Baba, likita ya ce in ka sake tsugunawa aikin nan ya lalace, kuma ba a yin sa sau biyu."

"Shi likitan yana gyaran keke ne?"

"Ba ya yi. Amma shi ya buɗe gwiwar ya ga abin da ke ciki." Ta sassauta murya. "Mai wayoyin da ke jikin shagonka ya sake yi min magana. Yana so ya fasa bangon ya haɗa da nasa. Ka huta mana, Baba. Mu ba mu gaza ba."

Mai Faci ya san irin hutun da ake nufi. Ya ga abokinsa tela da 'ya'ya suka hutar: benci a ƙofar gida, rediyo a cinya, cikin shekara guda ya fara tambayar mutane sunansu. Don haka ya yi mata alkawari, kuma shi ya yanka sharaɗin da bakinsa. Ranar Asabar ta ƙarshen wata ta zo shago. Zai wanke keke ya gyara shi daga farko har ƙarshe, ba tsuguno, ba durƙuso. In ya kasa, da hannunsa zai kai wa mai wayoyi makulli. Mutumin yana da aibobi da yawa, taurin kai ne babbansu, amma ba a taɓa jin ya saɓa alkawari ba. Nas ta san haka, shi ya sa ta yarda.

Abin da yake buƙata ya san shi: maratayin keke, ƙarfen nan mai baki da ke damƙe keke ya ɗaga shi daidai ƙirjin mutum. Shekaru yana ganinsa a shagunan masu gyaran zamani yana cewa kayan ragwaye ne. Yanzu sai ga shi da sandar dogarawa, yana tura keken Mai Burodi zuwa kantin kayan keke da ke babban titi. Da gangan ya aro wannan keken. A duk kekunan da yake gyarawa babu mai nauyinsa: tsohon ƙarfe ne, da kariyar ɗora kaya a gaba da baya, da akwatin katako a ɗaure. Duk maratayin da ya riƙe shi zai riƙe kowane keke.

Mai kanti mutum ne mai fara'a, mai tumbi, ga haƙurin ciniki. Ya fito masa da guda uku ya jera a kan tayil. Na farko yana sheƙi, da 'yar tire ta ajiye sifana a jikinsa. Da Mai Faci ya ji kuɗinsa sai ya ce, "Wannan da keken ake haɗawa?" Aka ture shi gefe. Na biyu mai ƙafa uku ne, sirara, ana naɗe su kamar lema, kuɗinsa bai wuce na tayoyi huɗu ba.

"Wannan fa, Baba? Shi masu gyara suka fi ɗauka."

Mai Faci ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya dire.

"Ƙafar sauro. Wannan in na yi tari zai faɗi. Ka ajiye wa masu shanya."

"Ka dai gwada shi."

"Ba na gwada abin da ido ya riga ya gama da shi."

Na uku shi ya shiga ransa. Gindinsa murabba'i ne na ƙarfe mai kauri, da ƙafa huɗu gajeru, da sanda a tsaye kamar turken fitilar titi. Su biyu suka ɗaga keken Mai Burodi suka damƙa masa. Mai Faci ya murza feda, ya jijjiga keken, ya sa sifana a notin taya ya ja da ƙarfinsa. Ko motsi. Ya gyaɗa kai. Kuɗinsa dai ya ninka na mai ƙafa uku har da ɗoriya, kuma mai kanti ya ƙi ragi. Mai Faci ya zaro igiya daga aljihu, ya auna tsawo, ya auna faɗin gindi, yana ƙulla alama.

"Baba, awon na mene ne?"

"Ina da ƙane mai walda."

Mai kanti ya yi dariya, bai ji haushi ba. "Allah ya ba da sa'a. Ƙafar sauro dai tana nan in an dawo."

"Ba za a dawo ba."

Ya gwada nauyi, ya gwada ja, ya gwada jijjiga, kuma duk a kan daɓen wani ya gwada su. Wannan ko kusa bai zo masa a rai ba.

Ƙanensa Mai Walda ya karɓi igiyar yana juya ta a hannu. Shekara takwas ke tsakaninsu, kuma tun suna yara ba ya barin yayan ya wuce bai tsokane shi ba.

"Yaya, ashe kai ma ka shiga layin ragwaye."

"Za ka yi ko in tafi?"

"Zan yi. Zan yi maka wanda jikokinka za su yi rigima a kan wa zai gada."

"Ka ƙara masa nauyi. Na kantin ma kamar bai kai ba."

Ya ƙara kuwa. Ya yanko bututun ruwa mai kauri, ya yi gindin da ƙarfen tsohon gado, ya ɗora bakin matsa na maƙeri a sama, ya manna masa roba don kada ya ci fenti. Kwana shida aka yi. A amalanke aka kawo shi, mutum biyu suka sauke suna nishi. Saura kwana huɗu Asabar.

Shagon Mai Faci tsukukke ne, taku uku a faɗi, biyar a tsawo. Daɓen shi ya zuba shi da hannunsa shekarar da ya kama wurin, don ya ƙi biyan magini. Ya karkatar da shi daga kowane ɓangare zuwa wani ɗan rami mai raga a kusa da ƙofa, domin ruwan wankin keke ya gangara ya fita kwata. Babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan daɓe. Duk baƙon da ya shigo sai ya zuba ruwa ya nuna masa yadda yake bin hanyarsa.

Aka dire maratayin a tsakiya. Mai Faci ya dafa shi, sai ya ji ƙwas. Ya saki, ya sake jin ƙwas. Ƙafa uku suna ƙasa, ta huɗu tana lilo a iska, tazarar kaurin yatsa. Ya juya shi, wata ƙafar ta tashi. Ya ja shi kusa da bango, ya mayar da shi tsakiya, duk ɗaya.

"Ƙarfenka a karkace yake," ya ce wa ƙanen.

"Ƙarfena? Yaya, a kan teburin awo na haɗa shi. Daɓenka ne kamar bayan kunkuru."

"Daɓen nan ya girmi sana'arka."

"Shi ya sa ya ranƙwafa."

Suka tura kwali a ƙarƙashin ƙafar, ya tsaya. Washegari Mai Burodi ya kawo kekensa wanki, ya taya shi ɗagawa, ya koma bakin ƙofa yana jira. Mai Faci ya fara aiki a tsaye, karon farko a rayuwarsa, har ya soma jin daɗin abin. Ya goge sarƙa da buroshi, ya sheƙa ruwa. Ruwan ya bi hanyarsa ta kullum, ya ratsa ta ƙarƙashin kwalin. Kafin ya kai tayar baya kwalin ya jiƙe ya lotse. Ya sa sifana a feda ya ja, sai maratayin ya yi gaba da keken gaba ɗaya. Mai Burodi ya yi tsalle ya tare akwatin da ƙirjinsa. Shi kuwa Mai Faci duk nauyinsa a kan gwiwar da aka yi wa aiki ya sauka. Zafin ya hau masa har ƙeya. Ya riƙe bango yana numfashi ta baki.

"Sannu, Mai Faci. In kira Nas?"

"Ka kira ta ka ce mata me?"

Suka sauke keken, Mai Burodi ya tura abinsa ya tafi da sauran kumfa a jiki.

Da yamma wata matsalar ta fito. Kullum in zai tashi sai ya shigo da kekunan mutane guda shida ko bakwai ya jera su a ciki ya rufe. Yanzu ƙarfen ya cinye tsakiyar shagon, kuma ya fi ƙarfin mai gwiwa ɗaya. Sai da ya roƙi mai wayoyi, mutumin da ke jiran makullinsa, ya taya shi jan sa zuwa lungu. Mai wayoyi ya taya shi da ladabi, amma Mai Faci ya ga yadda idonsa ke auna bangon.

Ranar Alhamis Mai Walda ya dawo da shawarwari. A kafe ƙarfen a ƙasa da noti. Mai Faci ya ce to ina za a sa kekuna da yamma? A sake zuba daɓe a daidaita shi. Ya ce to ruwan wanki ya bi ta ina, kuma siminti zai bushe kafin jibi? A yanke ƙafa ɗaya a rage. Ya ce wacce, tunda duk inda aka matsar da shi wata ce ke tashi?

"To Yaya, ka kai makullin kawai. Nas ba ƙiyayya take maka ba."

Mai Faci ya juya masa baya. Ƙanen ya gane ya taɓa inda ba a taɓawa, ya ce yana da aiki a kan wuta, ya fita.

Kujeru biyu ne a shagon. Akwai ta roba mai ƙafa huɗu da Nas ta kawo masa bayan sallama don ya riƙa miƙe ƙafa. Ya zauna a kanta, ta yi ƙwas, ta yi gaba ta yi baya, kamar yadda take yi tun ranar da aka kawo ta. Ya tashi da tsaki ya koma kan dogon kututturen zamansa na katako, irin kujerar nan marar jingina, wanda wani kafinta ya ba shi a madadin gyara tun yaran suna firamare. Ya zauna daram. Ya daɗe a zaune yana kallon ƙarfen ƙanensa kafin abin ya faɗo masa. Ya sunkuyar da kai ya ƙirga ƙafafun abin da yake zaune a kai. Uku. Ya tashi ya ja shi zuwa bakin rami, ya zauna. Ya kai shi lungu, ya zauna. Ya ɗora shi a daidai inda daɓen ya fi tudu. Ko'ina ƙafafun uku suna samun ƙasa. Shekara ashirin da wani abu yana zaune a kan amsar, sannan ya je kanti ya kira ta ƙafar sauro.

Abin da ya rage ba na ƙarfe ba ne. Dole ya koma wurin mutumin da ya ce wa ba za a dawo ba. Mutane da yawa sun gwammace su rasa sana'a da su yi wannan tafiya, kuma Mai Faci ya kusa zama ɗaya daga cikinsu. Safiyar Juma'a ya wuce ƙofar kantin sau biyu kamar mai neman wani wuri. A na uku ya shiga.

"Baba, barka da zuwa. Yaya aikin walda?"

"Walda ta yi kyau. Daɓena ne a karkace. Ni na zuba shi, ni na manta." Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Na yi wa kayanka rashin kunya ban gwada ba. Fito min da shi."

Mai kanti ya so ya ja zancen, amma da ya dubi fuskar dattijon sai ya bar shi a "Ai sauro ma yana tsayuwa." Ya fito da iri biyu, duka masu ƙafa uku, ɗaya ya fi araha. A nan idon shekara talatin ya yi amfani. Mai Faci ya juya mai arahar ya ga mahaɗin ƙafafun na roba ne, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ajiye. Ɗayan mahaɗinsa ƙarfe ne, da noti irin wanda yake da sifanarsa. Ya buɗe bakin ya rufe sau goma yana sauraron ƙarar. Ya duba robar da ke ciki ko ana iya canza ta in ta cinye. Ya ɗaga sandar har ƙirjinsa ya ɗaure, ya rataya nauyinsa a kai ya ga ko za ta zame. Ya naɗe shi ya ɗauka da hannu ɗaya, ya yi taku biyar ya dawo.

"Na ga wannan. Amma ba zan biya a kan tayil ɗinka ba. A shagona za a gwada, da ruwa a ƙasa."

"Ka koyi darasi da tsada, Baba."

"Da gwiwa na biya."

Mai kanti ya bar matarsa a kanti ya bi shi. Aka kira Mai Burodi da kekensa. Mai kanti ya nuna wa Mai Faci abu biyu: ya damƙi keke ta sandar sirdi, kada ya matse jikin keken, don na zamani ba su da kauri, kuma ya sa ƙafa ɗaya ta fuskanci gangare, a ƙarƙashin nauyin. Suka ɗaga, suka damƙa. Mai Faci ya sheƙa bokiti guda a ƙasa, ya sa sifana a fedar nan da ta kayar da shi, ya ja. Sandar ta ɗan yi lanƙwasa kaɗan ta dawo. Ƙafafun ba su gusa ba. Ya ja na biyu da mugunta. Sannan ya sa hannu a aljihu.

Ranar Asabar Nas ta zo da kayan aikinta a jiki, daga asibiti take. Mai Walda ma ya zo, wai wucewa yake. Ta zauna a kujerar roba, ta yi ƙwas, ta dubi ƙasa ta gyara zama. Keken wata malamar makaranta ne a layi, sarƙa ta bushe, birkin baya ba ya kamawa. Mai Faci ya ɗaga shi shi kaɗai ya damƙa. Ya wanke, ya tsane, ya ɗiga mai a sarƙa. Hannunsa ya saba da keke a kife, sau biyu yana murza feda ta baya, ƙanen yana ƙunshe dariya.

"Yaya, ko mu kifa ka kai, tunda keken ya miƙe?"

"Ka je ka ɗauke gadon ƙarfenka daga ƙofata."

"Ai ya sami aiki. Tayoyi goma na rataya masa, daga titi ana hangowa."

Nas ba ta yi dariya ba. Gwiwar take kallo.

Ya zo kan birki. Ya kwance ɗan notin da ke riƙe waya, yatsunsa da santsin mai, notin ya suɓuce. Ya faɗi a daɓe, ya bi hanyar ruwa yana gangarawa, ya tsaya a bakin ragar ramin. Irinsa ɗaya ne a shagon, kuma kowa a wurin ya san haka daga yadda dattijon ya bi shi da ido. Jikinsa ya riga ya fara sauka, yadda ya saba sauka sau dubu. Gwiwar hagu ta lanƙwashe. Ya dafa maratayin, maratayin ya riƙe shi, ya tsaya a nan.

Mutum ne da bai taɓa cewa a miƙo masa ko sifana ba. Yaransa sun tashi sun san ba a taɓa kayan aikinsa, ba a kuma taya shi. Ya dubi notin, ya dubi ƙanensa, ya kawar da kai, don ya san abin da zai ji har ƙarshen shekara.

"Nas," ya ce. "Ɗauko min."

Ta tashi ta tsuguna a bakin ramin da farin kayanta, ta ɗauko, ta goge a tsumma ta sa masa a tafin hannu. Ya ɗaura, ya ja wayar, ya murza taya ya matse birki. Tayar ta tsaya cak. Ya sauke keken ya jingine a bango.

"Ranar da ba na nan fa, Baba, wa zai ɗauko?"

"Wannan sarkin surutun zai manna min maganaɗisu a bakin sanda. Ya iya abin da ba ya buƙatar awo."

"Yau zan yi," in ji Mai Walda. "Mai ƙafa nawa kake so?"

Nas ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce zai sha maganinsa na rana ko sai ta tsaya a kansa, ya ce zai sha. Ta fita ta shiga shagon mai wayoyi. Ta bango Mai Faci ya ji tana gaishe shi, tana ce masa ya yi haƙuri ya nemi wani wurin. Ya jawo keke na gaba, ya duba gangaren daɓen, ya juya ƙafa ɗaya ta maratayin ta fuskance shi.